Yadda Garkuwar Dorkiyon Ta Ci Faɗa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar kasuwar Kelada ya ji labarin yaƙin Kwarin Ɓaure daga bakin Dorkiyon, ko yana so ko ba ya so. Ni Harmon maƙeri na fi kowa sanin labarin, domin katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, kuma ranar yaƙin ni ne na tsaya a damansa, rabin garkuwata ce ta rufe masa haƙarƙari. Sahu takwas aka jera mu, mu muna na bakwai. Abin da muka gani bai wuce ƙeyar mutanenmu ba. Muka tura na gabanmu, su ma suka tura na gabansu, can sai muka ji an ce an gama, abokan gaba sun arce. Rauni ɗaya Dorkiyon ya samo, an taka masa babban yatsan ƙafa. Ni ne ma na taka shi.

Amma kafin mu iso gida ya kashe mutum uku. Da aka yi girbin sha'ir sun zama tara. Da aka matse zaitun sai ya ce ya daina ƙirga, don kada matan mamatan su ji su yi ta kuka.

"Mashi na yara ne," in ji shi, yana buga ƙirji. "Takobi na mahauta ne. Namiji garkuwa! Ku ba ni garkuwata, ku ajiye ni ni kaɗai a fili, ku turo mini duk wanda uwarsa ta gaji da shi."

Akwai wani tsoho a garinmu, Baba Simalos, wanda ya bar ido ɗaya da yatsu biyu a fagen fama. Shi kaɗai yake tanka masa.

"Yaro," ya ce, "garkuwar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Rabi naka, rabi na wanda ke hagunka. Kai ma aron ta wani kake yi ka rufe damanka. Ka cire ta daga sahu, ta zama murfin tukunya mai nauyin rago."

"Baba, zamaninku daban. Ku da kuke jiran wani ya rufe ku, shi ya sa aka dawo da kai ba ka cika ba."

"Ni dai na san inda na bar idona. Kai ina ka bar mutum taran?"

"Ungulaye sun cinye su!"

"Ashe shi ya sa ungulayen kwarin nan suka rame bana."

Aka kwashe da dariya, Dorkiyon ya ce hassada ce.

A shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri, rijiyoyi suka ƙafe, ba a bar mana komai ba sai marmaron da ke ƙasan tudu, tsakaninmu da mutanen Marusa. Tun kakanni ake jayayya a kansa. Matanmu da matansu suka fara da baƙar magana, suka koma fasa wa juna tuluna, har wata ta ciji wata a kunne. Dattawan garuruwan biyu suka zauna gaban bagadin hadaya da ke bakin marmaron, suka yanka ɗan akuya, suka yanke cewa ba za a zubar da jini saboda ruwa ba. Kowane gari ya fitar da mutum ɗaya. Ba ƙarfe mai kaifi, sai sanda da garkuwar da mutum ya ga dama. Wanda bayansa ya taɓa ƙasa, garinsu ya haƙura da marmaro har saukar ruwan sama, su riƙa zuwa kogi. Kogin kuwa, in mace ta fita da sassafe sai rana ta take za ta dawo da tulu ɗaya.

Da aka taru a dandali aka ce wa zai fita, sai kowa ya fara duban farcen ƙafarsa. Ɗan kokawarmu ya faɗo daga bishiyar zaitun ya karye, samarin kirki kuma sun tafi aikin jirgin ruwa. Ba mai son a ce a hannunsa ruwan gari ya zube. Sai ga Dorkiyon ya haye kan dutsen magana.

"Mutanen Kelada, ku kwantar da hankalinku! Ku aika wa Marusa su fara koyon hanyar kogi."

Baba Simalos ya juyo da idonsa ɗaya ya kafe ni da shi. "Harmon, kai ka tsaya kusa da shi ranar nan. Faɗa wa jama'a abin da ka gani."

To, a nan ne nawa laifin yake. Ni ma na riga na gaya wa matata na kashe biyu, ga ta kuwa can tsaye tana kallona. In na tona Dorkiyon na tona kaina. Sai na yi gyaran murya na ce, "Gaskiya dai, ban ga ya ja da baya ba."

Ta ina zai ja da baya, da sahu guda yana tura shi? Amma jama'a suka ɗaga hannu, magana ta zauna.

Washegari ya mirgino garkuwar zuwa maƙerata kamar ƙafar amalanke.

"Maƙwabci, ƙara mata tagulla. Ka faɗaɗa bakin da taƙi guda."

"Dorkiyon, yanzu ma da ƙyar kake kai ta ƙofar gari."

"Nauyi ai shi ne daraja. Ka ƙara! Ka kuma rataya mata fata a ƙasa ta rufe mini ƙwauri. Ina so ɗan Marusa ya duba ya ga bango ne yake tafiya."

Na ƙara. Da muka gama, mu biyu muka ɗaga ta muka jingine. Ya ce saura zane, kuma da hannunsa zai zana zaki, don ba ya son wani ya ci rabon yabonsa. Ya wuni yana shafe-shafe, sannan ya kira matarsa Mikka ta zo ta gani. Mikka mace ce gajera mai kaifin harshe, ta shekara ashirin tana jin labarin jaruntarsa tana kuma kashe masa kunama da kanta.

Ta karkata kai ta duba. "Maigida, jakin wa ka zana?"

"Zaki ne!"

"To me ya sa kunnensa ya yi tsawo haka?"

"Gashin wuya ne, ke!"

"Au. To ka rubuta a ƙasa, kada zakin ya gani ya kai ƙara."

Daga nan sai gwaji. Ya ce ba zai gwada da mutum ba don kada ya yi kisan kai a banza, sai ya sa aka kwance masa ragon Mikka, wani ƙato mai mugun hali. Rabin gari ya hau katanga. Dorkiyon ya tsaya tsakar gida ya dafe garkuwa, ya yi wa ragon gwalo. Rago ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya taho. Ƙarar da ta tashi sai da tantabarun haikali suka watse. Garkuwa ba ta ko lotsa ba. Mai garkuwar ne dai ya tashi sama ya sauka cikin masaƙar Mikka, ya tsinke zaren wata biyu, ya zauna daɓas a kan cukwin da ta shanya.

Ya miƙe da zare a wuya yana ihu. "Kun gani? Kun gani! Ku duba ta, ko ƙwarzane babu!"

"Na ga cukwina," in ji Mikka. "Juya in kankare abina."

Baba Simalos daga kan katanga ya ce, "Rago ta gaba yake zuwa don ba shi da wayo. Ka tabbata rago Marusa za su turo?"

"Ko wa suka turo, Baba, ta gaba zai zo. Wane namiji ne zai zagaya?"

"Mai son ya ci."

Ranar faɗa na shiga gidansa da hantsi na tarar ya riga ya shirya tun a cikin ɗaki, don yana so gari ya gan shi ya fito da cikakkiyar shiga. Ya kifa kwalkwalin kakansa, irin mai rufe fuska duka, wanda ba ka ganin komai sai ta 'yan ramuka biyu, ba ka kuma jin komai sai numfashinka. Ya zura hannun hagu cikin zoben tagulla na garkuwar har gwiwar hannu, ya damƙe igiyar gefe. Ya taho ƙofa da taƙama, sai ji muka yi ƙwam! Taƙin nan da na ƙara ya hana garkuwar fita.

Ya karkata, ta ƙi. Ya juya ta baya, ta cije.

"Zare hannunka mu fitar da ita a kwance," na ce.

"Me ka ce?"

"Zare hannu!"

"Ni ma na gode!"

Mikka ta ɗauki ludayi ta ƙwanƙwasa kwalkwalin har ya ɗaga shi. Da ya gane, ya ja hannu, hannu ya ƙi fita. Karon ragon nan ya kumbura masa damtse, zobe ya kama shi kamar tarko. Muka zuba man zaitun, muka ja, yana ihu yana cewa ba zafi yake ji ba, kiran Hirakilis, gwarzon labaran kakanninmu, yake yi. Man ya gangara ya jiƙe igiya da tafin hannu da takalmi, hannu dai yana nan. Daga ƙarshe na koma na ɗauko guduma na ɓalle katakon ƙofar.

Mikka ta tsaya tana duban ramin da ya zama ƙofarta. "Ba a fara ba ka ci gida ɗaya da yaƙi. Saura Marusa."

Aka kawo jaki don ya hau ya adana ƙarfinsa. Jakin ya dubi zanen da ke jikin garkuwar, ya saki kuka mai tsawo, ya matso yana shinshina shi.

"Ya gane ɗan'uwansa," wani ya ce.

Da aka ɗora Dorkiyon, jakin ya yi taku uku ya durƙusa, ya ƙi tashi ko da duka. Dole jarumi ya sauka ya taka da ƙafa. Mai sarewa yana gaba yana busa, mu muna baya, rana tana dukan tagulla har ba a iya taɓa ta. Sau huɗu muka tsaya a hanya, duk inda muka tsaya Dorkiyon ya ce yana nazarin filin daga ne. Kafin mu kai, gumi yana fita ta ƙasan kwalkwalin kamar an matse soso.

Mutanen Marusa sun daɗe da zuwa, sun zauna a inuwa suna cin gurasa. An share fili a gangaren da ke saman marmaro. Muka duba mu ga ƙaton da suka kawo, ba mu ga kowa ba sai wani siririn makiyayin awaki mai suna Lagiskos, ƙafafu kamar na zalɓe, ba kwalkwali ba takalmi. Sandar kiwonsa ce a hannu, mai lanƙwasa a kai, sai wata 'yar garkuwar saƙa da aka lulluɓe da fatar akuya, ba ta fi faifai ba. Yana tsaye yana cin ɓaure.

Dorkiyon ya ɗaga kwalkwali ya dube shi sama da ƙasa. "Kai, ina ubangidanka? Je ka ce masa na iso."

"Ni ne, Baba."

"Kai? Da wannan faifan? Tankaɗe ka zo yi?"

"Abin da na samu ke nan. Wannan ƙofar garinku ce ka ɗauko?"

"Wannan ita ce ta kashe mutum goma sha biyu a Kwarin Ɓaure!"

"Ayya. Faɗo musu ta yi?"

Marusa suka fashe da dariya, har da wasu namu. Dorkiyon ya kifa kwalkwali, dattijon da ke alƙalanci ya ɗaga reshen zaitun ya sauke.

Dorkiyon ya kafa ƙafar hagu gaba, ya ɗora bakin garkuwa a kafaɗa, ya tsaya kamar yadda aka koya mana. Gaskiya ta gaba ko ɓera ba zai samu hanya ba. Lagiskos ya ƙarasa tauna ɓaurensa, ya goge hannu a cinya, ya yi taku huɗu a hankali ya koma damansa. Ya ɗan taɓa shi da sanda a haƙarƙari.

"Baba, ga ni nan."

Dorkiyon ya juyo da garkuwar duka, fata tana jan ƙasa. Kafin ya gama juyowa makiyayin ya sake yin taku huɗu. Tim, a cinya.

"Ba nan ba, nan."

"Tsaya wuri ɗaya, ɗan banza! Haka ake faɗa a garinku?"

"Mu ba mu iya faɗa ba, Baba, kiwo muka iya. In bunsuru ya yi taurin kai, ta gefe ake bin sa."

Ya juya, aka zagaya. Ya juya, aka zagaya. Sandar Dorkiyon tana ta sukar iska, sau ɗaya ta sami wani abu, shi ne kwandon gurasar wata tsohuwa. Duk inda ya leƙa ta ramukan kwalkwali ba ya ganin kowa sai 'yan kallo, sai dai ya ji saukar sanda a baya, a kafaɗa, a mazaunai. Yaran Marusa suka fara tafi suna bin saukar sandar, mai sarewarmu kuma, don rashin kunya, ya gyara busa ta dace da tafin.

Mikka ta kasa daurewa. Ta san nisan kogi. Ta haɗa hannu a baki ta ƙwala ihu: "Damanka! Maigida, kula da damanka!"

Abin da ya ratsa tagulla ya isa kunnensa shi ne "damarka". Ya ɗauka dama ce ta samu. Ya yi kururuwa, ya sunkuyar da kai kamar ragon nan, ya ruga gaba da gudu. Ba kowa a gabansa. Ya ratsa fili ya nufi dattawan garuruwa biyu, tsofaffi suka watse suna zubar da sanduna, alƙali ya haye bagadi da reshen zaitun a baki.

"Ga abokin faɗanka can baya, mahaukaci!"

Ya dawo yana haki. Hannun hagu ya mutu, garkuwa ta fara sauka, bakinta na ƙasa yana dukan ƙwaurinsa duk taku. Ya ɗaga ta da ƙarfi, bakin sama ya daki haɓar kwalkwali ya juya shi, ramukan ido suka koma wajen kunne. Sai muka ga yana matsawa dama, yana matsawa dama, yana laluben wani abu da kafaɗa, kamar ɗan maraƙi mai neman uwarsa. Can murya ta fito daga cikin tagulla, ta cika kwarin nan duka:

"Harmon! Harmon, ina kake? Matso ka rufe ni! Wa ya ce ka bar sahu? Ina na baya, ku turo mana!"

Wuri ya fashe da dariya. Baba Simalos ya zauna a ƙasa yana share hawaye daga idonsa ɗaya. Matata ta juyo ta dube ni, irin duban da ya gaya mini mutum biyuna ma sun tashi daga matattu.

Lagiskos ya ga abin ya isa. Ya maƙala lanƙwasar sandarsa a bakin garkuwa ya ja kaɗan, yadda ake jan ƙafar akuya. Nauyinta ya ƙarasa sauran. Dorkiyon ya yi juyi biyu, takalmin da ya sha mai ya zame, ya faɗa cikin garkuwarsa da baya kamar tuwo a akushi. Wuri gangare ne, ciyawa ta bushe, tagulla kuma na goge ta da kyau. Sai ta ɗauke shi. Ta bi gangaren nan tana juyi, ƙafafunsa a sama, mata suna tsalle suna ba shi hanya, ta fasa tuluna uku, ta daki dutse ta yi sama, ta sauka tsakiyar taɓon marmaro. Kwaɗi suka yi ta kansu.

Mu shida muka jawo shi. Taɓon ya yi abin da man zaitun ya kasa, hannu ya zare. Da aka cire kwalkwali, abin da ya fara cewa shi ne, "Bayana bai taɓa ƙasa ba! Garkuwa ya taɓa!"

Alƙali ya sauko daga bagadi ya zagaya shi, ya dangwali taɓon da ke bayansa ya nuna masa. "Wannan gajimare ne?"

Aka ba Marusa marmaro. Bisa al'ada kuma garkuwar wanda aka kayar ta wanda ya yi nasara ce, ya kai haikalin garinsu ya rataye. Aka kinkimo ta aka ajiye gaban Lagiskos. Ya gwada ɗaga ta, ya sake ta, ya girgiza kai.

"A'a, ku bar masa abarsa. Ni ban yi komai ba, zagaye kawai na yi. Ita ce ta gajiyar da shi, ita ta kayar da shi, ita ta kai shi ruwa. Ba zan raba shi da ita ba, wataƙila baɗi ma mu buƙace ta."

Dorkiyon ya miƙe tsaye, taɓo yana ɗiga daga gemunsa, fuska ta washe.

"Kun ji? Mutanen Kelada, kun ji da kunnenku! Abokin gaba da kansa ya shaida. Me na daɗe ina gaya muku? Garkuwa ce ta ci faɗan nan!"

Matan garinmu ne suka taso ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zo ta dire tulunta a gabansa, har tuluna suka kewaye shi ya rasa inda zai sa ƙafa. Mikka ce ta ƙarshe. Ta ajiye nata, ta nuna masa hanyar kogi da haɓa.

Ya riƙe kafaɗa ya marairaice. "Mikka, hannun nan ya mutu. Ko ɗaga shi ba na iyawa."

"Na hagu ke nan," ta ce. "Ɗauka da na dama. Shi ai bai yi aikin komai ba yau."